Yaren Danmak a Tsakar Gidanmu na Zongo

Ranar da aka garƙame Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, a ƙarshen Maris na 2020, na ɗaure turamen atamfa shida a bayan babur na kawo gida, ko maƙwabta za su saya. Ko ɗaya bai fita ba. Wa ke ta atamfa alhali babu biki, babu suna, masallatai ma an rufe? Tun 21 ga watan Shugaba Roch Marc Christian Kaboré ya sa dokar hana fita daga bakwai na yamma zuwa biyar na asuba, aka rufe filin jirgi, daga baya aka killace birnin baki ɗaya, ba shiga ba fita. Ƙanena ya tafi Bobo-Dioulasso sarin kaya, can abin ya rutsa da shi. Gida ya rage daga ni sai Inna.

Maigidana kuwa yana Danmak, a birnin Aarhus, wanda su suke furtawa kamar Orhus. Takardun da zan bi shi da su sun kusa kammala ke nan cutar korona ta sauka, kome ya tsaya cak. Can ma tun 11 ga Maris firaministarsu Mette Frederiksen ta rufe ƙasa. Shi yana ɗaki shi kaɗai, ni ina tsakar gida ina kallon bango.

Wanda bai tashi a zango ba, da wuya ya gane nauyin wannan zaman a wurinmu. An haife ni a Zangouettin, wadda mu Zango kurum muke ce mata, can tsakiyar birni, tsakanin filin jirgi da babban masallaci, daf da titin Kwame Nkrumah. Unguwar Hausawa ce tun zamanin fatake. Kakan Inna da jakuna ya zo a kan hanyar goro ta Gonja, ya yada zango, bai ƙara gaba ba. A gidanmu na can ba a rufe ƙofar zaure sai dare ya raba. Mai koko, mai talla, almajiri, baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Kumasi, kowa shigowa yake yi. A 2003 aka rushe unguwar tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin, saboda aikin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA. Aka ba mutane filaye a Ouaga 2000 da Nioko, dangi suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. A 2003 ɗin dai, cikin watan Mayu, gobara ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Mu Allah ya kai mu yamma da birni, unguwar da ake kira Zongo. Sunan ya yi kama da na gida, amma a layinmu gidanmu kaɗai ke jin Hausa. Kasuwa ce ta zame mini Zango, can nake haɗuwa da mutanenmu kullum. Da aka rufe ta, sai na ji kamar an sake rushe mu.

Satin farko barci na yi ta yi. Na biyu barcin ya ƙi zuwa. Zafin bazara ya kama, ma'auni na haura 40, wuta na ɗaukewa tsakar rana, fanka ta tsaya. In na share tsakar gida sau ɗaya sai in sake sharewa don in ga ina wani abu. Abinci ya fita raina. Na fara yi wa Inna tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Zaman banza cuta ce da ba ta sa zazzaɓi, amma tana cin mutum ta ciki, kuma mu ba mu saba faɗinta ba. In ka ce kaɗaici ya dame ka, sai a ce ba ga ka da lafiyarka ba, ka gode wa Allah. Na gode masa, amma ƙirjina bai daina nauyi ba.

Maigida ne ya kawo maganar yare. Ya ce tunda dai dole ce a gaba, gara in soma tun yanzu. Dokar Danmak ta ce wanda ya bi mijinsa ko matarsa, cikin wata shida da samun izinin zama sai ya ci jarrabawar yaren a matakin farko da ake kira A1, sannan wata ta biyo baya. Manhajar da ake yayi a waya da Ingilishi take koyar da yaren, ni kuwa bokona na Faransanci ne. Sai ya samo littafin Assimil na masu jin Faransanci, yana ɗaukar hoton shafi biyu kullum yana turo mini ta WhatsApp. Na sayi littafin rubutu mai shafi ɗari biyu a shagon bakin layi, na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya.

Su suna kiran yarensu dansk. Masu jin sa ba su wuce miliyan shida ba, wato ko sulusin mutanen Burkina ba su kai ba. Ɗan'uwan yaren Suwidin ne da na Norwe, kuma dangi ne na nesa ga Jamusanci da Ingilishi. Baƙaƙensu 29 ne: na boko da muka sani, sai uku da aka jera a ƙarshe, æ, ø, å. Kamar dai yadda mu muke da ɓ, ɗ, ƙ waɗanda Bature bai san su ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne nahawunsa ya fi na Faransanci sauƙi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sha bulala a makaranta kan sarrafa aikatau na Faransanci zai ji daɗin wannan: a dansk aikatau ba ya sauya kama saboda mai yin aikin. Jeg spiser, ina ci. Du spiser, kana ci. Vi spiser, muna ci. Kalmar "ci" tana nan yadda take, kamar a Hausa. Sannan abin da Faransanci ke sawa a gaban suna, le da la, su a baya suke liƙa shi. Hus gida ne, huset gidan. Bil mota, bilen motar. Ranar da na gane wannan na tashi na je na faɗa wa Inna, tana tsince shinkafa, ta ce to ashe mutane ne kamar kowa.

Wajen dangi ma sun fi kusa da mu. Bafaranshe tante ɗaya gare shi, oncle ɗaya, ba ruwansa da ɓangaren uwa ko na uba. Mutumin Danmak kuwa yana rarrabewa: faster goggo ce, moster ƙanwar uwa ko yayarta, morbror kawu, farbror baffa. Kaka ma huɗu ce: mormor uwar uwa, farmor uwar uba, morfar da farfar haka. Mor uwa, far uba, sai ka harhaɗa. A zama ɗaya na haddace su, don kowace kalma da fuskar da na ɗora mata.

Lissafi ne ya tsayar da ni kwana uku. Har arba'in ba laifi, illa dai suna fara faɗin ƙaramin adadi, ashirin da ɗaya su ce enogtyve, ɗaya-da-ashirin. Daga hamsin sai hanya ta karkace, don da ashirin-ashirin suke ƙirgawa. Sittin tres ce, ashirin sau uku. Tamanin firs, ashirin sau huɗu. Hamsin kuwa halvtreds, ma'ana saura rabi a cika ashirin ta uku, wato ashirin sau biyu da rabi. Saba'in halvfjerds, casa'in halvfems, duk a kan wannan ƙa'ida. Agogo ma haka, halv tre ba uku da rabi ba ce, biyu da rabi ce, saura rabi uku ta cika. Na yi ta juya abin a takarda ya ƙi zama, sai Inna ta ce in karanto mata. Da ta ji, ko gezau. Ta ce ke da kike kasuwa? Sefa ɗari nawa kike ce mata? Na ce dala ashirin. Bamoshe fa? Na ce pisi, ashirin ke nan shi ma. Ɗari biyar fa? Dala ɗari. Ta ce to kullum kina ninkawa da biyar a ka ba ki taɓa kuka ba, yau don an ce ki ninka da ashirin? Kuma ba mu muke cewa ashirin ba ɗaya ba, mu ambaci na gaba sannan mu rage? Daga ranar na daina fassara lambobin. Na ɗauko turamen nan shida da suka ƙi sayuwa, na sa wa kowanne kuɗi da kurona, kuɗin Danmak, wanda ɗaya ke kusan sefa 88, ina ciniki da Inna. Ita ce mai saye, tana taya kaya da Hausa, ina mayar mata da dansk.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana jin Hausa, Mosanci, Fillanci, Jula da Zabarmanci, duk a zauren Zango da bakin famfo ta tsince su. Ita ta fara gaya mini gaskiyar da littafi bai faɗa ba. Wata rana maigida ya kira, na karanto masa jimla biyar da na kwana ina haddacewa. Ya yi shiru, ya ce in maimaita. Bai gane ko ɗaya ba. Da shi ya faɗe su, ni ma ban gane nawa ne ba. Na ajiye waya na shiga ɗaki. Inna ta biyo ni ta ce, "Ke, wannan abin da ido kike cin sa. Yare da kunne ake ci. Nemo mai shi ki ji bakinsa."

Nan ne wahalar dansk take, kuma duk mai shirin koyonsa ya san da haka tun wuri. Abin da aka rubuta daban, abin da ake faɗa daban. A Hausa abin da ka gani shi za ka furta. Su kuwa haɗiye baƙaƙe suke yi. H ɗin hvad da hjem ba a faɗinsa, d ɗin mand da land ma haka. Kalmar selvfølgelig, wato "ƙwarai kuwa", baƙi goma sha biyu ce a takarda, a baki kuwa ba ta wuce "seföli" ba. Wasulanmu biyar ne, kowane da dogo da gajere. Nasu a rubuce tara ne, a furuci sun haura ashirin, wasu tazararsu kamar gashin kai. Akwai kuma wani d mai laushi da harshe ke kwanciya a bayan haƙoran ƙasa, baƙo ya ji kamar l. Da shi suke gwada baƙi, su ce faɗi rødgrød med fløde, sunan wani kunun 'ya'yan itace ja da ake zuba wa kirim ɗin madara. Ba baƙi kaɗai abin ke ba wahala ba. A 2008 wata masaniya, Dorthe Bleses, da abokan aikinta a jami'ar da ke Odense sun buga binciken da ya nuna jariran Danmak sun fi jinkirin tara kalmomi a farkon rayuwa in an gwada su da na wasu ƙasashe, har da maƙwabtansu na Suwidin, kuma sun danganta haka da wannan haɗiye-haɗiyen. Daga baya yaran sukan kamo, amma ka ga ke nan.

Sai dai Bahaushe yana da wata riba da Bafaranshe ba shi da ita. Akwai abin da suke kira stød, ɗan maƙalewar murya a maƙogwaro a tsakiyar kalma, ba a rubuta shi, amma yana sauya ma'ana. Hun "ita" ce, hund mai maƙalewar kare ne. Mor uwa, mord kisan kai. Turawa da yawa sukan shekara ba su ji bambancin ba. Mu kuwa da muke cewa sa'a, jama'a, 'ya'ya, maƙogwaronmu ya san wurin tun muna goye. Haka tsawon wasali: læse karatu, læsse lodin kaya. Wanda ya san gari na zama da garin tuwo ba a rubuce ake rarrabe su ba, wannan ba zai ba shi tsoro ba.

Mai shi da Inna ta ce in nemo, Allah ya kawo ta ta hanyar da ban zata ba. A benen da maigida yake akwai wata tsohuwa, ta haura tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Kopenhagen. Saboda cutar an hana kowa zuwa wurinta, shi yake ajiye mata cefane a bakin ƙofa. Wata rana ta ji shi yana waya da ni a matakala, sai ta leƙo ta ce, "Sannu da aiki." Ya ce saura kaɗan ledar ta faɗi daga hannunsa. Ashe da ƙuruciyarta ta yi aikin jinya a Numan, ƙasar Adamawa. Mutanen Danmak sun daɗe a can. Tun 1913 wani likitansu, Niels Brønnum, ya sauka Numan cikin Bachama da aikin mishan, kuma cocin Lutheran na yankin daga nan ya samo tushe. Waɗanda suka biyo bayansa, malamai da ma'aikatan asibiti, da yawansu sai da suka koyi Hausa, don ita ce ta haɗa ƙabilun yankin. Tsohuwar nan shekara arba'in ba ta samu wanda za ta yi Hausa da shi ba.

Muka sa ranar Lahadi da Laraba mu riƙa yin waya ni da ita, bayan La'asar ɗinmu. Rabin sa'a dansk, rabin sa'a Hausa. Ranar farko ta faɗa mini sunanta ta ce in kira ta da shi, in ce mata du, wato "ke". A can haka ake yi, yaro ya kira malaminsa da suna, ma'aikaci ya kira shugabansa da suna. De na girmamawa ya kusa ɓacewa, sai ga gidan sarauta da wasu tsofaffi. Na ce mata bakina ba zai iya ba, sa'ar kakata ce. Muka daidaita a kan Mormor. Ita kuma ta ce mini 'yata.

Ba ta da littafi, ba ta da tsari. Takan ce in gaya mata abin da ke gabana. Sai in ce ga tukunya, ga murhu, ga akuyar maƙwabta a kan katanga, Inna tana daka. In na faɗi kalma ba daidai ba sai ta maimaita ta sau uku, a hankali, in bi ta, ba ta taɓa cewa ya isa alhali bai isa ba. Ita kuma Hausarta ta asibiti ce, ta Adamawa: ina ke ciwo, sha magani, kwanta, kada ki ji tsoro. Kalmomin suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin ƙawaye. Ranar da ta tuno "hankali" sai da muryarta ta yi rawa. Da azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, babu tarawihi a masallaci, babu kai wa maƙwabta kunu, ita ce take tambayata me za mu sha ruwa da shi, in lissafa mata da dansk, abin da babu sunansa a yarensu in bar shi da Hausa. Ta san ƙosai, ta san kunun tsamiya. Fura ce ta ce ta fi kewa.

Daga wurinta na koyi abin da ya fi nahawu amfani, wato inda ladabinsu yake. Ba su da doguwar gaisuwa. Hej kurum, an wuce wurin. Da fari na ɗauka rashin tarbiyya ne, don mu sai an tambayi gida, gajiya, yara, sanyi. Ashe nasu a godiya ya taru. An gama cin abinci, yaro ba ya tashi sai ya ce tak for mad, an gode da abinci. An rabu da yamma, tak for i dag, an gode da yau. In kun sake haɗuwa da wanda kuka zauna tare kwanan baya, tak for sidst, an gode da rannan. Wannan ai ban-gajiyarmu ce, da "an gode da ɗawainiya". Na ga kuskure ne mutum ya auna ladabin wasu da mudun garinsu.

Ba zan ce karatun ya warkar da kome ba. Akwai ranakun da ban buɗe littafin ba, akwai daren da na kwana ina lissafin jarin da ke narkewa. Amma yini ya samu ƙashin baya. Asuba in yi salla, in yi shafi biyu kafin rana ta yi zafi, da hantsi in saurari rediyon Danmak ta intanet na minti goma ko ban gane ba, don kunne ya saba, in kuɗin waya ya ƙare in sake jin saƙonnin murya na Mormor. Na daina yi wa Inna tsawa. Ita ma ta shiga ciki, har takan ce mini tak in na miƙa mata buta. An buɗe Rood Woko a 20 ga Afrilu, aka ɗage dokar hana fita a farkon Yuni, na koma rumfa, amma Lahadi da Laraba ba su motsa ba.

A shekara ta gaba na tafi. Jarrabawar A1 ba ta ba ni wahala ba. Abin da ya ba ni wahala shi ne hunturu. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu ta faɗi, maigida yana wurin aiki, benen shiru kamar ba kowa, maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa sai da alƙawari. Na ga matanmu na Afirka da suka shekara biyar a irin wannan ɗaki, daga talabijin sai waya, yaren bai shiga ba, su kuma ba su fita ba, har abin ya taɓa musu lafiya. Ƙaramar hukuma tana ba baƙo makarantar yare, kuma a ɗakunan karatu na gari akwai zaman da suke kira sprogcafé, inda 'yan sa-kai, yawanci tsofaffi, suke hira da masu koyo kyauta. Duk wadda ta tambaye ni nakan ce ta je, ko da dusar ƙanƙara ake yi, ko da kalma goma gare ta. Ni na yi sa'a, tawa makarantar tana hawa na biyu, matakala goma sha shida daga ƙofata.

Yanzu Inna ce a tsakar gidan Zongo. Ƙanena ya yi aure ya tashi, 'yar maƙwabta ce take taya ta kwana. Ran Lahadi nakan sauka wurin Mormor da waya, in jingina ta da kwalbar fure, su gaisa su biyu da Hausa, doguwar gaisuwa, har da tambayar akuya. Lahadin da ta wuce Inna ta ga taga ta yi duhu a bayana, ta ce ƙarfe nawa ne a wurinku? Mormor ta duba agogo ta ce halv fire. Kafin in fassara Inna ta ce uku da rabi ke nan. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce in tashi maza in yi La'asar kada Magariba ta riske ni.